Darasi na Bakwai: Zama Gaban Kwamfutar Laburare

A darasin da ya gabata mun koyi cike fom da biro: suna, sunan mahaifi, ranar haihuwa, sa hannu. To, yawancin fom ɗin da za ku ci karo da su yanzu ba a kan takarda suke ba. Neman aikin gwamnati, duba sakamakon jarrabawar WAEC ko NECO na yaro, karanta sanarwar JAMB, duk sun koma intanet. Wayar hannu tana yin wasu daga ciki, sai dai fuskarta ƙarama ce, ga kuɗin data, ga ido ya fara gajiya. Shi ya sa muke zuwa laburare.

Laburaren jama'a gidan karatu ne da aka gina don kowa. A Kano akwai babban laburaren Murtala Muhammed, jihohi irin su Kaduna da Katsina suna da hukumar laburare tasu, Laburaren Ƙasa kuma, wanda aka kafa a 1964, yana da rassa a jihohi da dama. Wasu daga cikin waɗannan wurare suna da ɗakin kwamfuta. Kowane laburare da tsarinsa game da rajista da tsawon lokacin zama da kuɗin buga takarda, don haka aikinku na farko shi ne karanta sanarwar da aka manna a bango ko a jikin ƙofa. Kun iya karatu yanzu. Ku tsaya ku karanta ta a tsanake, ko da akwai mutane a bayanku.

Kwamfutar laburare kamar rijiyar unguwa take. Wani ya ɗiba kafin ka zo, wani zai ɗiba bayan ka tafi, kuma abin da ka jefa a ciki na bayanka ne zai tarar. Duk dokokin da ke cikin wannan darasi daga nan suka taso.

Karatu

Wani dattijo ɗan ajin yamma ya shiga ɗakin kwamfuta, ya tarar da ma'aikaciya a zaune.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam. Sannu da zuwa, Baba. Me za a yi maka?"

"'Yar nan, ɗana ne ya aiko mini da saƙo ta imel, nake so in duba."

"To, Baba, ga littafi nan. A rubuta suna da lokacin zuwa. Ko in rubuta maka?"

"A'a, bar ni in rubuta abina. Ai don haka nake zuwa makaranta."

"Madalla. Kwamfuta ta uku babu kowa. Awa ɗaya ce, in babu mai jira sai in ƙara maka."

Dattijo ya zaro wata 'yar takarda daga aljihu. "Ga kalmar sirrin nan, ki shigar mini."

"A'a, Baba, riƙe takardarka. Zan nuna maka inda ake shigarwa, in kau da kai, kai ka danna da hannunka."

"Ke ma ba za ki gani ba? Ai ke 'yata ce."

"Ko ni, Baba. Yau ni ce a nan, gobe wani ne. Gara ka saba tun yanzu."

Kalmomin da za a riƙe

Linzami: ɗan abin da ake riƙewa a tafin hannu ana juya kibiyar da ke fuskar kwamfuta.
Madannai: allon haruffa da lambobi da ake rubutu da shi.
Burauza: manhajar da ake shiga intanet da ita, kamar Chrome ko Firefox.
Kalmar sirri: mabuɗin akwatinka na imel ko na Facebook.
Filash: ɗan ƙaramin ma'ajin da ake sokawa a jikin kwamfuta don kwafar takardu.

Kafin a zauna

Ku rubuta sunanku na gaskiya a littafin rajista, ku zauna a kwamfutar da aka ba ku. Kada a shiga da abinci ko ruwan leda, domin ɗigo kaɗan a cikin madannai ya isa ya kashe su, kuma sau da yawa laburare ba shi da kuɗin sayen wasu nan kusa. Mai cin goro ya gama a waje. A rage ƙarar waya, in kira ya shigo a fita a amsa. Wanda zai saurari karatu ko wa'azi ya zo da abin sawa a kunne.

In wani abu ya ƙi aiki, kada ku zare wayar wuta ko ku bubbuga inji. Ku kira ma'aikaci. Matambayi ba ya ɓata, kuma amsa irin wannan tambaya yana cikin aikin da aka ɗauke shi ya yi.

Maganar lokaci kuma, ku zo da abin da za ku yi a rubuce a takarda tun daga gida: adireshin shafin, lambar jarrabawar yaro, kalmomin da za ku nema. Mai koyo yana rubutu a hankali, babu laifi a ciki, amma awa ɗaya ba ta da yawa. In lokacinku ya cika akwai mai jira, ku tashi ba tare da an roƙe ku ba. Mai yiwuwa wanda ke tsaye yau ce ranar ƙarshe ta fom ɗinsa. Kada rijiya ta bayar, guga ya hana.

Sirrinka

A nan za mu daɗe, domin a nan ne mutanenmu suka fi cutuwa.

Wata rana na zauna a kan kwamfuta a wani laburare, na buɗe shafin imel, sai ga akwatin wata baiwar Allah a buɗe. Takardun makarantarta, hoton katinta, lambar wayarta, duk suna gabana. Ta gama aikinta, ta danna alamar X da ke can saman kusurwa, ta ga shafin ya ɓace, ta ɗauka ta rufe. Na fitar da ita, na gaya wa ma'aikaci. Amma na yini ina tunanin abin da zai faru da a ce wani mara tsoron Allah ne ya zauna a kujerar nan kafin ni.

Ku gane wannan da kyau. Danna X kamar sakin labule ne. Ɗaki ya ɓoyu ga ido, amma ƙofa a buɗe take, duk wanda ya ɗaga labule ya shiga. Kulle ƙofa shi ne fita daga akwatin. A Gmail, wato imel na Google, za ka danna hotonka ko harafin farko na sunanka da ke cikin da'ira a sama ta hannun dama, sannan ka danna inda aka rubuta "Sign out". A Facebook "Log out" ake rubutawa. 'Yan'uwanmu na Nijar da kwamfutarsu ke Faransanci za su ga "Déconnexion" ko "Se déconnecter". Bayan ka danna, kada ka tashi tukuna. Sake buɗe shafin ka gani. In ya nemi kalmar sirri, to ƙofa ta kullu.

Akwai kuma wata tambaya da burauza ke yi da zarar ka shigar da kalmar sirri. Wani ɗan akwati zai fito a sama yana tambaya ko a ajiye maka ita don gaba. A wayarka ta kanka wannan sauƙi ne. A kwamfutar jama'a kuwa daidai yake da barin mabuɗi a jikin kwaɗo. Kada ka danna "Save". Danna "Never", ko ka rufe ɗan akwatin.

Hanya mafi sauƙi ta kauce wa yawancin wannan ita ce buɗe tagar sirri tun farko. A Chrome, ka danne madannan Ctrl da Shift tare, sannan ka taɓa harafin N. Wata taga mai duhu za ta buɗe. In ka yi aikinka a cikinta ka rufe ta, burauza ba za ta riƙe jerin shafukan da ka shiga ba, kuma za ta fitar da kai daga akwatunanka. Sai dai kada sunan ya ruɗe ku. Tagar sirri tana ɓoye sawunka ne daga wanda zai zauna bayanka kawai. Masu kula da intanet ɗin laburare suna iya sanin shafukan da aka shiga, kuma duk takardar da ka sauke tana nan zaune a cikin kwamfutar.

Wannan batu na takardun da aka sauke mutane da yawa ba su san shi ba. In ka buɗe takardar da aka aiko maka, ko ka sa aka ɗauki hoton katinka na ɗan ƙasa don a tura, kwafinta yakan zauna a wani ma'aji mai suna "Downloads", ko a kan fuskar kwamfutar. Kafin ka tashi, ka goge ta, sannan ka buɗe kwandon shara mai suna "Recycle Bin" ka zubar da abin da ke ciki. In ba ka iya ba, ka ce wa ma'aikaci ya nuna maka, a gabanka. Haka nan in ka aika takarda a buga, je ka karɓi abarka nan take, har da wadda ta fito a lalace. Takardar da ta lalace ma tana ɗauke da lambarka.

WhatsApp yana da tarkonsa. Wasu sukan haɗa wayarsu da kwamfuta don tura hoto ko takarda. In ka tafi ba ka cire haɗin ba, saƙonninka na iyali za su ci gaba da fitowa a wannan kwamfuta kana gida. A cikin WhatsApp na wayarka akwai wurin da aka rubuta "Linked devices". Shiga ka duba, duk na'urar da ba taka ba ka fitar da ita.

To, in wuta ta ɗauke fa kana tsakiyar aiki? Wannan yana faruwa, kun sani. Fuskar kwamfuta ta yi baƙi, amma akwatinka bai kullu ba, da zarar wuta ta dawo zai iya buɗewa ga wanda ya zauna. In za ka iya jira a tayar da janareta, jira ka fita yadda ya kamata. In ba za ka iya ba, gaya wa ma'aikaci lambar kwamfutar, sannan ka canza kalmar sirrinka ta waya a ranar, kada ka bari sai gobe.

Harkar banki kuwa, shawarata ita ce kada ku yi ta a kwamfutar jama'a sam. Akwai manhajojin ɓoye da ke iya naɗar duk abin da aka danna a madannai, kuma ido ba ya ganinsu. Lambar sirrin katin ATM, da lambar nan ta wucin gadi da banki ke turowa ta waya, ba a faɗa wa kowa su, ko da mutum ya ce daga banki yake kira. BVN da NIN, kowace lamba 11 ce, ana shigar da su ne kawai a inda ka tabbatar shafin hukuma ne. Shafukan gwamnatin Najeriya suna ƙarewa da .gov.ng, kamar jamb.gov.ng da nimc.gov.ng. Ku karanta adireshin harafi bayan harafi, domin 'yan damfara sukan canza harafi ɗaya tak su yi shafi mai kama da na gaskiya. Shafin da ya ce ka ci kyauta, ko ana rabon tallafi sai ka shigar da lambar katinka, rufe shi. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Saura maganar mai taimako. Sau da yawa za ka ga wani matashi ya matso ya ce, "Baba, kawo in yi maka," ko "Hajiya, bari in taya ki." Yawancinsu da zuciya ɗaya suke yi, Allah ya saka musu. Karɓi taimakon, amma in an zo wurin kalmar sirri, ka ce ya ɗan kau da kai. Yaron kirki ba zai ji haushi ba. Wanda ya ji haushi kuwa, ka gode masa ka kira ma'aikaci.

Filash da saka manhaja

Filash yana yawo daga shagon buga takardu zuwa ofis zuwa laburare, yana kwasar ƙwayar cutar kwamfuta kamar yadda ƙafa ke kwasar taɓo. Akwai wata da ta yaɗu sosai wadda ke ɓoye takardun mutum ta bar masa alamominsu marasa komai a ciki. Kafin ka soka filash, nemi izini, wasu wuraren sai sun bincike shi tukuna. Kada ka saka wata manhaja ko wasa, kada ka canza hoton fuska ko harshen kwamfutar. Yadda ka same ta haka za ka bar ta.

Abin da ba a yi

Fuskar kwamfutar laburare ba a ɗakinka take ba. Ɗalibai 'yan makaranta suna wucewa ta bayanka, matan aure suna zaune kusa da kai. Hotunan batsa, shafukan caca, da hotunan gawarwaki ko na yanka mutane ba su da wuri a nan. In irin wannan ya faɗo maka da kansa, domin wani lokaci talla kan yi haka, kada ka firgita. Rufe shafin, ka sanar da ma'aikaci.

Wasu abubuwan kuma sun wuce rashin ladabi, laifi ne a gaban shari'a. Dokar hana laifukan intanet ta Najeriya, wadda aka kafa a 2015 aka yi mata gyara a 2024, ta tanadi tara ko ɗauri ko duka biyun a kan damfara ta intanet, shiga akwatin wani ba da izininsa ba, yin sojan gona da sunan wani, aika saƙon barazana, da hotunan batsa na yara. Ku lura da na biyun. In ka tarar da akwatin wani a buɗe ka shiga kana karantawa, ba za ka ce tsintuwa ka yi ba. Fitar da shi kawai.

Ku tuna kuma sunanku yana cikin littafin rajista, da lokaci, da lambar kwamfuta. In wani ya ce ka ara masa sauran lokacinka ya aika ɗan saƙo, ka ce ya je ya rubuta sunansa. In ya aikata ɓarna a wannan awa, sunanka za a tarar a littafi.

Sauke fina-finai da waƙoƙi da littattafan da aka sato yana jawo illa biyu. Yana janye ƙarfin intanet har na kusa da kai ya kasa buɗe fom ɗinsa, kuma cin haƙƙin marubuta da masu shirya fim ne, waɗanda satar fasaha ta daɗe tana karya musu jari.

Sai labarin ƙanzon kurege. Wanda ya fara iya karatu yakan ɗauka duk abin da aka rubuta gaskiya ne, domin a da sai abu mai muhimmanci ake bugawa. A intanet kowa marubuci ne. Kafin ka tura labarin an kai hari, ko an ce wani magani yana kashe mutane, ko wani malami ya ce kaza, duba ko kafofin da aka sani sun kawo shi, irin su BBC Hausa da Aminiya. Magana zarar bunu ce, ta intanet kuwa ta fi saurin cin gari.

Abin da yake haƙƙinka

Ba na so ku fita daga wannan darasi da tsoron kwamfuta. Da kuɗin jama'a aka gina laburare, kuna cikin masu shi. Mai digiri bai fi ɗan ajin yaƙi da jahilci iko da kujerar nan ba, namiji bai fi mace ba. Wanda ya riga zuwa shi ne a gaba. In kana rubutu da yatsa ɗaya wani yana tsaki a bayanka, ci gaba da aikinka har lokacinka ya cika. Gemu ba ya hana ilimi.

Kana da haƙƙin neman sani a kan abin da ya dame ka. Matar da ke karanta bayani a kan ciwon daji na mama, ko tazarar haihuwa, ko yoyon fitsari, ilimi take nema, kuma babu wanda ya isa ya kunyata ta ko ya haɗa wannan da batsa. Na ga mata suna rufe irin wannan shafi da sauri don wani ya gifta, abin yana damuna ƙwarai. In kina jin nauyi, ki roƙi a ba ki kwamfutar da ke kusurwa. Ku kuma sauran, idonku a kan fuskar kwamfutarku. Leƙen abin da wani ke karantawa kamar leƙe ta katanga ne.

In Turanci ya yi maka nauyi, shafin Google na Najeriya yana da zaɓin Hausa a ƙasan akwatin bincike, akwai kuma Wikipedia ta Hausa. Ka rubuta tambayarka da Hausa ka gani.

Wanda ya zo da yaro, shi ne mai kula da abin da yaron ke buɗewa. Ma'aikaci ba zai iya tsare kowace fuska ba.

Aiki

1. Me ya sa ma'aikaciya ta ƙi karɓar takardar da dattijo ya miƙa mata?

2. Mene ne bambancin danna X da danna "Sign out"? Ku amsa da misalin labule da ƙofa, ko da wani misali naku.

3. Cike gurbi: Shafukan gwamnatin Najeriya suna ƙarewa da ________. BVN lamba ________ ce.

4. Kina tsakiyar duba imel sai wuta ta ɗauke, ga shi lokacin ɗauko yara daga makaranta ya yi. Rubuta abu biyu da za ki yi.

5. Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zama mai cewa, "Kawo in shigar maka da kalmar sirrin," ɗaya ya ƙi cikin ladabi. Sannan ku yi musaya.

6. Kafin zama na gaba, kowa ya je laburaren da ya fi kusa da shi, ya kwafo dokoki uku daga sanarwar ɗakin kwamfuta a littafinsa, ya tambayi tsawon lokacin da ake ba mutum da kuɗin buga shafi ɗaya. Wanda laburarensu ba shi da kwamfuta ya rubuto ranaku da lokutan da ake buɗewa. Za mu karanta su a aji, kowa da bakinsa.